Aikin da Kawu Ya Kawo

Tun da Kawu ya shigo falo da abokinsa mai kantin takalma na gane aiki aka kawo min. Sana'ata gina shafukan intanet, a gida nake aiki ni kaɗai, kuma na san irin wannan ziyarar.

Mutumin ya miƙo min wayarsa. An fara gina shafin kantinsa an watsar, hotuna sun hau kan rubutu.

"Duk waɗanda suka taɓa shi ba su san aiki ba," ya ce. "Na ƙarshen ma ya daina ɗaukar wayata, wai na cika kira."

"Me kake so shafin ya riƙa yi, ranka ya daɗe?"

"Ke dai fara, in na gani zan sani."

Kawu ne ya saya min kwamfutata ta farko, ga shi yana murmushi yana jiran in ce to.

"Kawu, ka yi haƙuri, ba zan iya karɓar aikin nan ba."

Suka fita ko sallama babu. Har yau Kawu bai amsa gaisuwata ba. Mama ta ce in bar shi ya huce, ina dai jira.