Inci Shida

Auta ta fizge katin daga hannun mahaifinta tun kafin su kai ƙofar fita daga asibiti. An rubuta ƙugunsa inci talatin da takwas, ya dawo bayan wata uku a ɗauki hoton jijiyoyin zuciyarsa. Masu babban ƙugu kuwa a makon nan ake ɗaukar nasu.

Shekara bakwai tana ɗinka masa wando, tun da ta gaji da yawo da takardar digiri ta sayi keken ɗinki. Ta san halinsa: da ya ga tef sai ya shanye ciki ya ɗauke numfashi. Ga shi mutumin da ba ya iya hawa matakala goma sai ya tsaya ya dafe ƙirji.

Ta janyo shi suka koma. Nas ɗin da ta auna shi ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce an auna, an rubuta, an gama. Auta ta ce a sake. Nas ta dubi zaren da ya maƙale a mayafinta, ta tambaya ko yanzu teloli ne ke koyar da aikin asibiti.

"Ke sau ɗaya kika auna shi," in ji Auta. "Ni kullum cikin aunawa nake."

Mutanen layi suka fara guna-guni. Auta ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa, ta ce nan za ta wuni. Da nas ta ga ba sarki sai Allah, ta ja tsaki ta ɗauko tef. Baba ya miƙe ƙyam, cikin ya ɓace.

Auta ta dube shi ido cikin ido.

"Baba, agogon nan naka da ya ɓace, ni na bayar da shi."

"Ke? Don ubanki, agogon da..."

Numfashi ya kufce masa, tumbi ya zubo. Tef ya ja a hannun nas har arba'in da huɗu. Ta soke lambar farko, ta kira likita. Likita ya dubi lambar, ya yi tambaya kan ciwon ƙirjin, ya rubuta a ɗauki hoton ranar Alhamis.

A cikin bas Baba ya juya mata ƙeya. Ta ce agogon yana aljihun tsohuwar rigarsa. Sai da suka kusa sauka ya yi magana, idonsa a kan taga.

"To yaya wandon talatin da takwas yake shigata?"

Shekara huɗu ke nan tana ƙara masa yadi a ɓoye, tana ce masa Baba ai kana nan yadda kake, shi kuma yana washe baki.

Da suka isa gida ta wuce ɗakin ɗinki, ta buɗe littafin awo a shafinsa, inda har yanzu talatin da takwas ke rubuce, ta ɗauki biro.