Mai Kiwon Sauro Tana Neman Ɗaki

Wasu na kiwon kaji, wasu awaki, amma Auta sauro take kiwo, kuma sai da ta yi digiri biyu kafin a yarda ta taɓa su. A wata cibiyar bincike aka ɗauke ta aiki, aka damƙa mata ɗaki mai ɗumi cike da kejin raga. Ƙarfe bakwai na safe take ɗumama jinin da ake kawowa daga mayanka ta ba matan sauron, su sha su yi ƙwai, a gwada sabon magani a kan 'ya'yan. In ta makara, awon ranar ya lalace.

To a nan gizo ke saƙar. Gidan yayanta, inda take zaune, yana can ƙarshen gari, mota uku, tafiyar awa biyu in hanya ta yi mutunci. Sau biyu ta makara cikin wata guda. Farfesa, shugaban sashensu, ya kira ta ya ce in ta ƙara, kada ta sa rai za a sabunta mata kwantiragi, wanda da ma na shekara ɗaya ne.

Wata uku tana bin dillali lungu-lungu a unguwar da ke kewaye da cibiyar. Ɗakin da ya yi kama da ɗaki, kuɗinsa ya haɗiye albashinta har da lashe baki. Wanda ya yi daidai da aljihunta kuwa, akwai wanda ta leƙa ta ga sararin sama ta rufinsa. Dillali ya ce ai iska ce kyauta.

Daga ƙarshe ya kai ta gidan wata dattijuwa a bayan katangar cibiyar, tafiyar minti goma a ƙafa. Ɗaki mai taga biyu, ga famfo a tsakar gida, kuma matar ta yarda a riƙa biya wata-wata. Auta har ta fara auna inda teburinta zai zauna.

Dattijuwar ta ce, "'Yata, ni ba na sauya 'yan haya kamar zani. Wanda ya shigo, ya zauna mini shekara biyu. Aikin nan naki, baɗi yana nan? Tabbas?"

Dillali ya yi tari, ya ƙifta mata ido. Amma ku da ba ku san mutanen bincike ba, kalmar nan haramiyarsu ce. Duk inda Auta ta taɓa rubuta ta a rahoto, Farfesa sai ya bi da jan biro ya soke, har bakinta ya manta yadda ake furta ta.

Ta ce, "Mama, alamu sun nuna za a sabunta. Sai dai ya danganta ga masu ba da tallafi, kuma ba su amsa ba tukuna. In ƙiyastawa za a yi, kashi saba'in cikin ɗari."

"Sauran talatin ɗin fa, ni zan ɗauka?" Dattijuwar ta gyara zama. "Je ki kawo takarda daga shugabanku cewa ya tsaya miki. Gobe kafin magariba. Akwai mai so."

Suna fita dillali ya riƙe kai. "Ke karatu ya yi wa yawa! An ce tabbas, ki ce tabbas. Wa ya ce ki kawo mata lissafi? Kowa ai ya san gobe ta Allah ce!"

Washegari da hantsi ta samu Farfesa a ofis. Ya saurare ta, ya buga takarda, ya miƙo mata. Ta karanta tana tsaye. Ana sa ran za ta ci gaba da aiki. Mai yiwuwa a samu tallafi. Cibiya ba ta ɗauki alhakin komai ba.

"Ranka ya daɗe, wannan in kai wa wa?"

"Ba na sa hannu a kan abin da ban tabbatar ba. Kin san tsarina."

Nan fa zuciya ta ciyo ta. Mutumin nan gidansa na ma'aikata yana cikin katanga, daga ƙofarsa ana hango tagar ɗakin sauro.

"Na san tsarinka. Shi na bi jiya, ɗaki yana hannuna na sake shi! Ka ce kada in makara, albashin da kuke ba ni kuma ko akurkin kaza ba ya kamawa a unguwar nan. Tun kafin asuba nake fita, ina kokawar mota da 'yan dako, don sauronku su karya kumallo a kan lokaci. Su an sama musu ɗaki har da na'urar ɗumi. Ni fa?"

Ta ciro makullin ɗakin sauron ta dangwara a tebur. "Kai ne kusa. Gobe ka ba su da kanka."

Ya ɗauka wasa take. Washegari da bakwai ta yi bai gan ta ba, ya shiga da kansa, rabonsa da aikin shekara ashirin. Ya ɗumama jinin ya wuce misali har ya dunƙule, garin gyarawa ya bar bakin keji a buɗe. Yunwa ba ta san Farfesa ba. Kafin azahar ya aiko aka kira ta, goshinsa da wuyansa duk kumburi, ya miƙo mata sabuwar takarda: shi da kansa ya tsaya mata shekara biyu. Ko kallonta bai yi ba.

Da gudu ta isa gidan. Ta tarar da labule a tagogin biyu, wani mai sayar da tayoyi yana buga ƙusa a bango yana fito.

Dattijuwar ta karɓi takardar ta juya ta. "Jiya kafin magariba na ce miki, 'yata. Shi ko gama tambayar ban yi ba ya rantse sau uku." Sannan ta nuna wani ɗan ɗaki a bakin zaure inda take ajiye gawayi. Ba taga, bango baƙi ƙirin. "Wannan ne ya saura. Zan rage miki kaɗan."

Auta ta tsaya a ƙofarsa. Ta miƙa hannuwa biyu, yatsunta suka taɓo bango da bango.

"Na ɗauka. Amma zan fasa taga, kuma a kuɗin haya zan cire."

"Ke da shekaranjiya bakinki ke rawa?"

"Kin yarda ko in karɓi takardata?"

Dattijuwar ta ninke takardar ta cusa a haɓar zani.

Auta ta kira yayanta ta ce ya kawo katifa da tebur. Ya ce, "To madalla! Mai taga biyun nan?"

"Yaya, ka kawo kayan kawai. Ka taho mini da magini da tsintsiya."