Farantin Dama

Bakina ne ya jawo. Aikina a ɗakin gwaji ƙirga gawa ne. Muna kiwon ƙwayoyin sankarar jini a ƙananan faranti, mu ɗiga musu sinadarin da muka tace daga wani ganye, washegari in zuba shuɗin rini in leƙa ta madubin da ke ƙara girman abu. Mai rai ba ta shan rinin, matacciya kuwa sai ta yi shuɗi. Ranar da na ƙirga bakwai cikin goma sun mutu, na dawo gida ina ta zuba, har sunan ganyen na faɗa. Na manta Yaya na kwance a ɗaki da wannan cutar, na kuma manta Umma ba ta barin magana ta faɗi ƙasa.

Bayan kwana uku na tarar da tukunya tana tafasa, gidan duk ya ɗauki warin ganye. Umma ta ce Yaya ba zai koma asibiti ranar Litinin ba. Ƙarin ruwan nan da ake yi masa a can ya cinye masa gashi, ya hana shi abinci, alhali 'yarta ta gano magani. Na yi faɗa, na yi magiya, ta ce boko ya sa ina rowar abin da Allah ya ba ni. Haushi ya cika ni, tausayinta kuma ya fi haushin yawa.

Da safe na tafi da ita wurin aiki. Ogana ya ba ta farar riga, hannuwan suka rufe mata yatsu. Na jera faranti biyu, na sa mata na hagu a ƙarƙashin madubin. Na ce waɗannan ƙwayoyin sun manta yadda ake mutuwa ne, sinadarin yake tuna musu: kowace ta tsuke, ta gutsuttsura kanta, ta tafi. Umma ta ga shuɗi birjik, ta yi hamdala, ta harare ni.

Sai na sa mata na dama. Shi ma shuɗi ne, kusan rabi.

"Wannan na wane mara lafiyar ne?"

"Jinina ne, Umma. Lafiyayye. Ganyen bai iya bambance su ba tukuna, abin da muke koya masa ke nan."

Ta daɗe idonta na kan madubin, ko da yake na san ta daina gani. Ta tambayi tsawon koyarwar. Na so in yi mata ƙarya, na kasa, na ce wataƙila shekara goma.

Ranar Litinin ita ta ɗaura wa Yaya igiyar takalmi, ta riƙe masa jaka har asibiti. Tukunyar ta wanke ta kife. Ba ta sake ambaton ganyen ba. Amma kullum na dawo daga aiki, kafin in ajiye jaka, sai ta leƙo ta rage murya don kada Yaya ya ji.

"Auta, na daman fa? Shuɗin ya ragu?"