Kada Ka Ɗauka

Mijina Muntasir malamin Islamiyya ne a Batsari, mutum mai kamun kai, wanda in ya ratso layi yara ke gyara tsayuwa. A cikin gida kuwa wani gem ɗin waya ya mayar mini da shi yaro. Gem ɗin na kotu ne. Za a kashe mutum, a kama wani a ce shi ne, kai mai wasa ka zama lauyansa. Ka bi ɗaki-ɗaki kana tsintar hujja, ka dawo gaban alƙali ka saurari shaidu, in ka kama ɗaya yana ƙarya sai ka dangwali waya, lauyan ya miƙe ya nuna shi da yatsa ya daka tsawa. Da Turanci yake tsawar, amma Malam ya fassara abinsa, ya ce ma'anarta "Ban yarda ba."

Daga ranar na shiga uku. In na ce gishirin miya ya ji, sai ya tsame hannu daga kwano ya nuno ni da yatsa ya ce, "Ban yarda ba!" In na ce ban ga hularsa ba, haka. In na ce hadarin nan ba zai zubar ba, haka. Da farko haushi nake ji, daga baya na samo maganinsa. Da ya yi sai in ɗaure fuska kamar alƙali in ce, "Kotu ta ji, Malam. Zauna ka ci tuwo." Sai ya zauna yana dariya har ya ƙware.

Gem ɗin kashi-kashi ne, kuma babu wanda ya tsallake masa, wasu ma ya maimaita su. Suna da guruf a waya, shi da wasu marasa aikin yi irinsa daga Kano da Zariya, suna ta musu a kan wane kashi ya fi, kamar gadonsu ne. Ni Turancina bai wuce na gaisuwa ba. Don haka bayan la'asar in ya dawo daga makaranta, ina tsintar wake, shi yana zaune bakin ƙofa yana fassara mini. Har sunayen gida ya raɗa wa mutanen ciki. Lauyan ya zama Jinjiri, don ko gashi ɗaya babu a haɓarsa, mai gabatar da ƙara kuma Ɗantsoho. Kullum cewa nake ba saurare nake ba. Amma ranar da aka kusa ɗaure wata mai sayar da kifi a kan laifin da ba ta ji ba ba ta gani ba, sai da tukunyata ta kama.

A waccan shari'ar an sami zoben mamacin a jakar matar, ni kuwa na ce ai magana ta ƙare. Malam ya girgiza kai ya ce, "Rahmatu, wanda aka fara kamawa da kayan mamaci ba shi ba ne. Kayan mamaci yawo suke. Hannun da ya fara ɗauka ake nema." Na taɓa tambayarsa abin da ya gani a wannan abu da ya hana shi sakat. A lokacin ba a mako ba a kawo labarin an tare hanya ko an shiga wani ƙauye ba, shi kuma da shi ake zuwa jana'iza. Ya ce, "A nan ciki ba a rufe shari'a sai an san wanda ya yi."

Akwai wani kiɗa mai sauri da gem ɗin ke sawa in an ritsa maƙaryaci. Malam ya naɗe shi ya mayar da shi kukan wayarsa, a can ƙarshen kiɗan kuma ya saka muryarsa yana tsawar nan tasa. Saboda haka ba ya ɗaukar kira da wuri. Sai ya tsura wa wayar ido yana kaɗa kai har ta kai ƙarshe, don kawai ya ji kansa. Mahaifinsa ya sha yi masa faɗa a kan haka.

Muna tsakiyar shari'ar wani mai gyaran agogo da aka tsinci gawarsa a shago ne Malam ya kashe wayar, ya ce ya gano mutumin, amma ba zai gaya mini ba sai gobe a gaban alƙali. Na ce ya riƙe abinsa. Washegari da safe ya hau babur zuwa Wagini ɗaurin auren wani ɗalibinsa. Manoma ne suka tsinci gawarsa a gefen hanya, ba babur, ba waya, ba takalmi.

Aka ce mutanen daji ne. To, mutanen daji ai ba suna ba ne. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai in tambaye shi ko an ji wani abu, shi kuma ya ce in yi haƙuri. Na yi haƙurin, na kuma ci gaba da tambaya har mata suka fara kallon juna in na buɗe baki. Ba ramuwa nake nema ba, me macen da ke takaba za ta rama da shi? Suna kawai nake so, in san wa zan ambata in na ɗaga hannu ina kai ƙara wurin Allah. Ina cikin takabar aka ce an yi sulhu. Mutanen daji suka fara shigowa kasuwa suna sayen gishiri da batir kamar kowa. Manya suka aiko gida-gida cewa abin da ya wuce ya wuce, kada a nuna kowa da yatsa.

Da na fita takaba aka haɗa ni da Goggo Kande, ƙanwar mahaifin Malam, ta raka ni gidanmu a Safana. Muka sami ƙaramar mota a tasha, aka cusa mu a baya tare da wasu mata biyu. A gabana, kusa da direba, wani mutum ne mai matsakaicin shekaru, da tsohuwar hula da buhun wake a but ɗin mota. Ya juyo ya gaishe da Goggo har da tambayar gajiya, ya ce sunansa Mamman. Ban ko kalle shi sau biyu ba.

Mun bar gari ke nan, gonakin gero sun fara, sai na ji kiɗan. Jikina ne ya riga ni ganewa. Mutumin ya zaro waya daga aljihu ya ɗauka nan take, ya yi maganar farashin wake da wani, ya kashe. Na hango bayan wayar. Ga tsagar nan a kusurwa, inda ta faɗo daga kan turmi ranar da Malam ya yi tsalle don Jinjiri ya ci shari'a.

"Bawan Allah," na ce, "ina ka samu wayar nan?"

Ya juyo. "Saye na yi, Hajiya."

"Hannun wa?"

"Wani mutum a kasuwa. Shi ma ce mani ya yi saye ya yi."

"Mi sunanshi?"

"Wallahi ban tambaya ba. Wa ke tambayar suna a kasuwa yanzu?"

Goggo ta mintsine ni a cinya, ta matso da bakinta kunnena. "Ke Rahmatu, rufa mana asiri. Ba ki san wa ke cikin motar nan ba." Matan nan biyu suka mayar da fuska taga. Direba ya kafa wa hanya ido kamar yau ya fara binta.

Ban yi shiru ba. Na ce, "Akwai wani gem a ciki, na kotu."

"Na sa mai cajin waya ya share tarkacen duka. Ni ban yi boko ba. Kukan kaɗai na ce a bar mani, yana da daɗi."

"Ka taɓa barinta ta yi kuka har ƙarshe?"

Ya yi ɗan murmushi. "Ɗan kasuwa ai ba ya barin kira ya jira."

Na zuba masa ido kamar yadda na ga Jinjiri yana yi wa shaidu. A gem, maƙaryaci zufa yake yi, idonsa ya riƙa rawa, in an matsa masa ya fashe ya faɗi komai. Wannan kuwa ba zufa, ba rawar ido, ya mayar da fuska gaba, sai ƙeyar mutum da tsohuwar hula. Zai yiwu shi ne ya tsaya a kan Malam ranar. Zai yiwu kuma mai wake ne kawai da ya sami waya da arha. A ƙarƙashin hijabi na ji yatsana ya miƙe da kansa, yana nuna tsakiyar bayansa. Sai maganar Malam ta faɗo mini, cewa kayan mamaci yawo suke, na ji haushinsa ya kama ni a karon farko tun rasuwarsa. Shi ya koya mini tambaya, shi kuma ya hana ni amsar da ta zo har gabana.

A nan na gane ba zan sani ba. Babu alƙalin da ke jirana a Safana, babu ɗakin da zan shiga in tsinci hujja, kuma hannun da ya fara ɗaukar wayar nan yana can yana sayen gishiri. Ko wanda ya kashe mai gyaran agogo ma, mai caji ya share shi. Na naɗe yatsan na mayar cikin tafin hannuna.

Kafin mu kai Safana mutumin ya ce wa direba zai sauka a wata 'yar hanyar ƙafa da ta ratsa cikin gonaki. Ko ƙauye ta nufa ko daji, ban sani ba. Mota ta tsaya, ya buɗe ƙofa, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa. Sai wayar ta sake kuka, ya zaro ta.

"Kada ka ɗauka," na ce.

Ya tsaya da babban yatsa a kanta.

"Don girman Allah, kada ka ɗauka. Bar ta ta gama."

Ya kalle ni, ya kalli Goggo, sannan ya buɗe tafin hannunsa ya bar ta a kai. Kiɗan ya yi ta gudu, yana ƙara sauri. Addu'a nake a raina kada mai kiran ya gaji ya kashe. Ba wanda ya motsa a motar. Kiɗan ya kai inda yake yankewa, aka yi ɗan shirun nan da Malam ke jan numfashi, sai ga muryarsa, ƙarau, da dariya a ƙarƙashinta.

"Ban yarda ba!"

Mutumin ya zabura, wayar ta kusa suɓuce masa. Direba ya yi salati a hankali. Goggo Kande, wadda tun jana'iza ban ga hawayenta ba, ta cusa fuska a mayafi, kafaɗunta na rawa.

Na ɗaure fuska kamar yadda na saba. Na ce, "Kotu ta ji, Malam."

Ragowar maganar, "Zauna ka ci tuwo," ta ƙi fitowa. Mutumin ya sauko da wayar a hannu. Ya mayar da ita aljihu, ya ɗauko buhunsa daga but ya saɓa, ya bi 'yar hanyar nan har gero ya rufe shi, direba kuma ya ta da mota.