Rumfar Sale Mai Albasa

Alhaji Jamaluddeen, sakataren 'yan albasa, ya yi bincike ya gano cewa kalmar "mai" daga "mallaka" ta samo asali, tun ranar da Bahaushe ya fara buɗe baki. Saboda haka duk wanda ake kira mai wani abu, wajibi ne a ga abin a gabansa. Ya bayyana wannan ilimi ne ranar kasuwar Goronyo, a bakin rumfar Sale Mai Albasa, rumfar da ƙanin matar sakataren ya daɗe yana so.

Rumfar kuwa ko ɓawo babu. Tun da 'yan bindiga suka hana noman fadamar ƙauyensu, Sale ke zuwa ya share ta, ya shimfiɗa buhu, ya zauna. Ga al'adar wurin, rumfa ta wanda ya baza kaya ce. Wanda ya daɗe bai baza ba, sai a ba wani.

"Malam Sale, ina albasar?" in ji sakatare.

"Tana gona, Alhaji. In kana da zuciya, tashi mu tai ka gani."

Maƙwabta suka yi dariya, ban da sakatare.

"Kasuwa mai zuwa in babu kaya, rumfa ta bar hannunka. Sunan ma sai a sake maka."

"Mi kac ce? A wurin ga anka kira ubana Mai Albasa, kana goye. Ba kai kar raɗa sunan ga ba, ba kai ka tuɓe shi ba."

A gida Sale ya ba matarsa Murja labarin, ya maimaita, kowane karo amsarsa na ƙara kaifi. Inda zai samo albasa ne kawai bai shiga labarin ba. Ita ma ba ta tambaya ba.

Ranar kasuwa sai ga buhunan albasa daga Wurno an sauke a rumfarsa. Direban ya ce an riga an biya. Sale ya yanke hukuncin cewa wani ne da ya taɓa yi wa alheri, don ya san kansa da yawan alheri. Ya zazzage kaya har bakin hanya, ya aika a gaya wa sakatare ya zo da bincikensa.

A wannan safiyar matan unguwa suka kawo wake gidan Murja, suka tarar da inda injin markaɗenta yake tsayawa babu komai sai tabon baƙin mai a ƙasa. Ta ce yana wurin gyara, ta nuna musu gidan gaba. Da suka fita ta jawo turmi.