Kogi Ya Zo Ofis Da Kansa

Daren jiya, kaina na taɓa matashi sai mafarki ya yi gaba da ni. Ni ne jami'in agajin gaggawa na ƙaramar hukumar Gurbin Kada, shekara tara ke nan, kuma a mafarkin ma aikin bai sake ni ba. Na gan ni zaune a ofis da hantsi, ina kallon taswirar garin da gara ta cinye mata gefen gabas, sai aka yi sallama. Wani dattijo ne ya shigo cikin babbar riga jiƙe sharkaf, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya zauna. Duk inda ya taka sai ƙananan kifaye su yi ta tsalle a kan siminti. Ban tambaye shi suna ba, don tun ina ƙarami nake wanka a cikinsa. Kogin garinmu ne.

Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi mahaifiyata Inna Dela da ciwon gwiwarta. Sannan ya ce ba da son ransa ba ne, amma an ƙaro masa ruwa daga sama, kuma ba shi da wurin ajiyewa.

"Ranar Alhamis bayan la'asar zan shiga Unguwar Masunta," in ji shi. "Na zo in faɗa maka da wuri, kada a ce na faɗo wa mutane babu sallama."

Unguwar Masunta gida ɗari biyu da wani abu ne, kuma a can Inna take, a ɗakin da ta haife ni. Na roƙe shi ya ƙara mana ko mako guda. Ya ce shi ma ɗan aike ne. Na buɗe kabad ɗin kayan aikinmu don ya gani da idonsa: rigar ruwa ɗaya, tocila babu batir, sai usur. Ya girgiza kai, ya ce in tafi babban birnin jiha, ai don irin wannan rana aka kafa hukumar agaji.

Sai ga ni a harabar hukumar. Bene ne mai hawa bakwai, amma ta hawa na bakwai ake shiga, a yi ta gangarowa. Ma'aikatan duk agwagi ne, kowace da katin shaida rataye a wuya. Sakatariya ta karɓi wasiƙar neman agaji da na kawo da bakinta, ta tsoma ta a kwanon ruwa, ta ce yanzu ta shiga rajista.

Daraktan wani toron agwagwa ne mai gilashi da jar dara. Ya karɓe ni da mutunci, har ya sa aka kawo mini shayi. Na zayyana masa buƙatunmu: kwale-kwale shida, buhunan yashi na tare bakin gaɓa, da tantuna da za a kafa a tudun makarantar firamare. Ya saurara har na gama, sannan ya tambayi abin da muke tsoro haka. Na ce ruwa. Ya dubi mataimakansa, su ma suka dube shi.

"To, Malam Nomau, ina matsalar take? Ruwa ne fa."

Na ce, ranka ya daɗe, mutanenmu in ruwa ya sha kansu ba sa tasowa, akwai tsofaffi, akwai masu jego. Ya ce wannan batun tarbiyya ne, kuma tarbiyya aikin ƙaramar hukuma ce, jiha tallafi kawai take bayarwa. Ya miƙo mini fom. Shafin farko na neman hoton gidajen da suka rushe, na biyu na neman sunayen waɗanda aka rasa. Na ce ai ba a kai ga haka ba tukuna, shi ya sa na zo. Ya ce to buƙatar ta riga lokacinta, hukuma ba ta aiki da jita-jita. Na ce kogin da kansa ya faɗa mini. Ya tambaya ko a rubuce ne.

Don kada in ce ba a shirya ba, ya sa aka kai ni sito. Kwale-kwale arba'in ne sababbi fil, an naɗe su da leda an rataye a jikin rufi saboda kada danshi ya taɓa su. Buhunan yashi suna nan a ninke tsaf, an zazzage yashin don su yi sauƙin ɗauka. Ɗakin tantuna kuwa a kulle yake. Mai riƙe da makullin ya tafi kai ɗauki wajen ambaliyar shekara uku da suka wuce, kuma ana sa ran ya kusa isa.

Daga nan sai na tsinci kaina a taron bita, a wani babban zauren otal. Jami'an ƙananan hukumomi ne kwance rub da ciki a kan darduma, ana koya mana iyo. Wanda ke kusa da ni, wani Jatau, ya ce gobarar kasuwa ce ta kawo shi, lokacin gashinsa duk baƙi ne. Yanzu gemunsa fari tas. Ya raɗa mini cewa kada in daina kaɗa hannu, in na tsaya ba za a ba ni takarda ba. Na yi ta iyo a busasshiyar darduma har gwiwar hannuna ta saluɓe. Da aka tashi, aka ba ni takardar shaida mai hatimi cewa Gurbin Kada ta gama shiri, aka haɗa mini da lasifika kyauta.

Na iso gida ranar Alhamis ana kiran azahar. Labari ya riga ni, mutane sun ɗaure kayansu, Barau Sarkin Ruwa ya fito da matansa da awakinsa zai nufi tudu. Na tsaya a tsakiyar unguwa, na kafa lasifikar a baki, na ce kowa ya yi sauri, kada a tsaya ɗaukar komai. Abin da ya fito ta ɗaya bakin muryar darakta ce, a sanyaye:

"Gwamnati na sane. Kowa ya kwantar da hankalinsa."

Na sake gwadawa, haka ta sake faɗa. Mata suka fara kwance ƙullin kaya. Barau ya mayar da awakinsa turke, ya yi mini godiya, ya ce da sun sha wahalar banza. Na jefar da lasifikar na buɗe baki zan yi ihu, ashe muryata ta maƙale a cikin lasifikar.

Ana idar da la'asar kogi ya iso. Ƙofa-ƙofa ya bi yana sallama, mutane na amsawa, don ba a ƙin amsa sallama. Da ya zo wucewa ta gabana bai iya haɗa ido da ni ba.

Na iske Inna zaune a kan turmi tana ɓarar gyaɗa, ruwa ya kai mata gwiwa. Na durƙusa na nuna mata bayana. Ta ce ita ta ji sanarwa, kuma ta san ɗanta ba zai yi wa jama'a ƙarya ba. Na sungume ta duk da haka, na goya ta da mayafinta, na kama hanyar makaranta. Ruwa ya kai mini ƙirji. Katangun ƙasa suna ta zama ɗaya bayan ɗaya babu ƙara, kamar masu jiran liman.

A rabin hanya na haɗu da tawagar jiha. Sun zo da kwale-kwalen, amma a ka aka ɗauko su, har yanzu cikin leda. Ana raba wa kowane gida bokitin ruwa ɗaya da kwalin ashana. Darakta na iyo a gefena cikin nishaɗi, mai hoto na biye da shi. Ya taya ni murna, ya ce shafin farko ya cika, saura na biyu. Ya zaro biro ya tambayi sunan tsohuwar da ke bayana. Na girgiza kai da ƙarfi, amma Inna ba ta saba a tambaye ta ta yi shiru ba.

"Rubuta Dela 'yar Magaji, ɗan nan," ta ce masa. "Allah ya yi albarka."

Ya rubuta. Daga nan na ji ta fara yi mini sauƙi a baya. Kowane taku sai nauyinta ya ragu, na ƙara ƙanƙame ƙafafunta, na ƙara sauri. Ko da na taka tudun makaranta, mayafin ne kaɗai ɗaure a ƙirjina, 'yan ƙwayoyin gyaɗa na zubowa daga cikinsa. Na juya zan koma cikin ruwan, sai na ji wani ƙar-ƙar-ƙar yana tasowa daga ƙarƙashinsa.

Matar maƙwabcina ce ke kankare ƙanzon tukunya a bayan tagata. Gari ya waye tuni. Na daɗe kwance ina sauraronta, hannuwana biyu a bayana, na kasa sakin abin da ba na riƙe da shi.