Ƙunar da ke Katin Comfort

Ranar da takardar makarantar koyon aikin jinya ta zo wa Comfort, sai da Baba Jethro ya zaga rabin unguwar Romi da ita a aljihun gaba. Yayarta Judith tana kan keken ɗinki, ta ce barka ba tare da ta ɗaga kai ba. Ita ce ta bar makaranta a aji uku da Mama ta rasu, ita ta yi ta wanke wa Comfort yunifom. Yanzu kuma ita aka miƙo wa farin yadi ta ɗinka rigar nas. Ta ɗinka, amma da gangan ta matse hammatar.

Sai ga Comfort ta dawo daga asibitin masaƙar da Baba ke aiki a Kakuri, idanu jawur. Makaranta ta ce a kawo shaidar lafiya. Likita ya buɗe tsohon katinta ya tarar an rubuta farfaɗiya tun tana ƙarama, ya ƙi sa hannu. In babu sa hannun, babu makaranta.

"Yaya, kin taɓa ganin na faɗi?"

"Ni likita ce?" in ji Judith.

Ta sani sarai. Ita Judith ce zazzaɓi ya kama da jijjiga tana yarinya, ranar Baba yana wurin aiki. Kaka ta kara ƙafarta a bakin murhu don ta farfaɗo, kamar yadda ake yi a ƙauye, har diddigen ya ƙone. Mama ba ta iya karatu ba, ta fizgi katin da hannunta ya fara kai wa, ashe na Comfort ne, ta goya Judith sai asibiti. Da suka dawo aka ce wa Baba garwashi ta taka, don kada magana ta fita a daina cin abinci kwano ɗaya da ita. Mama da Kaka sun tafi da zancen kabari.

Da farko Judith ta ji wani sanyi a ranta, har kunyar kanta ta kama ta. Amma sanyin bai daɗe ba. Baba ya shiga dawowa da gwangwanin madara, na Comfort ita kaɗai. Matan Zumunta na coci suka zo suka kewaye ta da addu'a, wata har da shafa mata kai. Judith ce ta dafa musu shayi. Tana tsaye da buta ta dubi rufaffen takalmin da ba ta rabo da shi ko ana tsananin zafi. Ita aka ƙona, wata ake lallashi!

Washegari ta ce wa Comfort, "Sa ɗankwalinki, mu je."

Likitan matashi ne mai tabarau. Ya ce abin da aka rubuta ba ya gogewa da maganar baki.

"To Likita, a duba. Yarinyar da aka kawo ranar, ba a sa mata magani a ƙafa ba?"

Ya bi shafin da yatsa. "Ƙuna a diddigen hagu."

"Comfort, nuna masa."

Comfort ta ɗaga ƙafa, sumul kamar ta jariri. Judith ta sunkuya ta kwance nata takalmin, ta ɗora ƙafar a kan benci. Fatar diddigen a tattare take, ta yi fari-fari.

Comfort ta dafe baki. "Yaya, ba garwashi ba ne?"

"Yi mana shiru."

Likita ya gyara zama. Ya tambaya ko jikinta da zafi a ranar, ko abin ya sake dawowa. Ta ce zafi kamar tukunya, kuma bai taɓa dawowa ba. Ya girgiza kai ya ce wannan jijjigar zazzaɓi ce da ke kama yara, wanda ya rubuta farfaɗiya ya yi gaggawa. Ya ja layi a kan kalmar, ya yi bayani a gefe, ya sa wa Comfort hannu da hatimi.

"Saura nawa katin," in ji Judith. "A mayar mini da abina, a rubuta shi daidai. Komai nata ne a gidanmu, har ciwona da sunanta aka rubuta."

Likita ya yi dariya, ya aika a nemo katin.

A cikin bas Comfort ta riƙe hannunta gam, tana ta sharar hawaye. Judith ta bar mata hannun, amma tagar take kallo. Takardar tana kan cinyar ƙanwarta, hatimin shuɗi yana tsone mata ido kamar yadda takardar makarantar ta yi tun farko.

Sun kusa sauka Comfort ta ce a hankali, "Yaya, rigar nan fa tana matse ni a hammata."

"Madarar Baba ce ta sa ki ƙiba," in ji Judith. Da kwandasta ya buga mota ta ƙara da cewa, "Ki ajiye mini a kan keke."